Ofishin da ya zana mini gida a Birnin Kebbi: inda suka burge ni da inda suka ɓata mini rai

Shekara bakwai filina na Badariya yana zaune, ba komai a cikinsa sai tumfafiya da bulo ɗari biyu da na jibge don kada wani ya ɗauka ba shi da mai shi. Ƙafa 50 ne a 100, wato kusan mita 15 a 30, fuskarsa tana kallon yamma. Ni malamin sakandare ne, da rani kuma ina noman shinkafa a fadama, saboda haka kuɗi ba sa zo mini a dunƙule. Sai an yi girbi an sayar da shanshera sannan nake sanin ko bana shekarar gini ce ko ta haƙuri.

A watan Oktoba na 2023 na ga alamar zan iya farawa. Niyyata ita ce in yi yadda iyayenmu suka yi: in ɗauko birkila, mu tsaya a fili, ya ja layi da sanda a ƙasa, in ce nan falo nan ɗaki, a fara haƙa. Wani abokin aikina ma ya turo mini zanen gidansa ta WhatsApp ya ce in kwafa kyauta. Ƙanena da ke aiki a Sakkwato ne ya dame ni da waya sai na je wurin masu zanen gini. Na ce masa naira 150,000 da aka ce suna karɓa ta fi kuɗin siminti buhu ashirin da biyar, kuma ba a kwana a cikin takarda. Ya ce shi zai biya rabi. Da haka bakina ya mutu.

Ba zan kama sunan ofishin ba, tunda ina da ƙorafi a kansu. Ɗaki biyu ne a saman wani bene cikin gari, da kwamfuta uku da wata babbar na'urar buga zane. Mai ofishin dattijo ne, shi ke da rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista a Najeriya, kuma hatiminsa ake bugawa a takarda. Sau biyu kawai na gan shi. Wanda ya yi aikina wani matashi ne da kowa ke ce wa Injiniya, duk da ya sha gyara mini cewa shi mai zane ne, injiniya daban yake. Ni dai Injiniya na ci gaba da ce masa.

Ranar farko na tafi da hoton wani gida da na gani a Gesse, mai dogayen ginshiƙai a gaba. Bai ko dubi wayar da kyau ba. Ya jawo littafi ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ku nawa ne a gidan? Yara maza nawa, mata nawa, shekarun kowa nawa? Wa ke zuwa ya kwana ba kullum ba? Da gas ake girki ko da gawayi ko da itace? A ina ake wanki, a ina ake shanya? Akwai kiwo? Mota ce ko babur? Da na ce mahaifiyata tana tare da mu kuma gwiwarta na damunta, sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Sannan ya ce ba zai zana komai ba sai ya ji daga bakin uwargida, don ita ke yini a gidan, ni kwana kawai nake zuwa yi. Maganar ta ɗan sosa mini rai, amma da na tuna ƙarfe bakwai nake fita in dawo bayan la'asar in sake fita gona, sai na yi shiru.

A zama na biyu, a gaban uwargida, yaron nan ya ɗago kai ya ce, "Malam, akwai niyyar ƙari ne, in bar wuri?" Ban san sanda tari ya kama ni ba. Ita ce ta ba shi amsa: "Injiniya, zana abin da aka biya ka." Daga baya ya ba ni haƙuri a waya, ya ce dole ce take sa su tambaya, domin gidaje da yawa nan suke lalacewa, a gina gidan mace ɗaya, bayan shekara biyar a datse falo da bulo a toshe tagogi. Gaskiya ya faɗa, amma akwai tambayar da ake jan mutum gefe a yi masa.

Abin da ya fi komai daraja a aikinsu ba ya ma cikin abin da na biya. Da zanen farko ya fito na kai gida na shimfiɗa a tabarma, Inna ta dube shi ta ce ita ba ta ga gida ba, layuka ta gani. Ni ma, in faɗi gaskiya, lambobin ba su ce mini komai ba. Da na gaya masa, sai ya ce mu haɗu a fili ranar Asabar da safe, in zo da toka. Ya zo da igiya da turaku da tef ɗin awo, shi da wani yaro suka fitar da gidan gaba ɗaya a ƙasa, kowane bango da layin tokarsa, kowace ƙofa an bar mata gurbi. Muka shiga muna yawo ɗaki zuwa ɗaki a filin Allah.

Nan zanen farko ya rushe. Ya yi shi ne irin na zamani: ka buɗe ƙofa ka faɗa falo, daga falo ka bi wani siririn lungu zuwa ɗakuna. Inna ta tsaya a layin ƙofar da sandarta ta ce, "Ɗana, wanga gida ina zaure nai? In maza na zaune nan, ta ina mata za su bi?" Ya ce ai Inna yanzu falo ya maye gurbin zaure. Ta ce, "Gidan da babu zaure ai kasuwa ta." Da ta isa ɗakin da aka ce nata ne kuma ta tambayi mi yas sa ƙohwa tai ke duban wurin maza. Uwargida ita ma ta tsaya a kicin ta buɗe hannuwa ta ce nan ba zai ɗauki tukunyar suna ba, kuma ina za ta hura gawayi ranar da gas ya ƙare, ina za a ajiye turmi.

Na zaci zai ji haushi. Sai ya zauna a kan bulona ya sake zane da fensir a nan take, yana yi yana tambaya. Abin da ya fito daga baya shi ne gidan da muke ciki yau. A gaba, wajen yamma, falon baƙi ne da ƙofarsa ta kansa daga waje, da bandakinsa da famfon alwala, ta yadda baƙo zai zo ya ci ya sha ya kwana bai ga cikin gida ba. Kusa da shi ƙaramar ƙofar shiga ce mai lanƙwasa, irin aikin da shigifa take yi a gidajen da, wanda ya tsaya a bakinta bango yake gani. Daga nan ɗakuna huɗu suka jeru a gefen arewa, kowane mita 3.6 a 3.6, wato ƙafa 12 a 12, da doguwar baranda a gabansu. Sauran wurin, faɗin kusan mita bakwai, ya zama tsakar gida. Ɗakin Inna shi ne na farko, bandakinta a ciki, babu matakala ko ɗaya tsakaninta da baranda, ya kuma sa aka kafa mata ƙarfen dafawa a bango. Yara maza da mata kowa da ɗakinsa, tunda babbar ta haura goma. Kicin ya koma ƙarshen gabas, da rumfar girkin waje a jikinsa.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba sam shi ne alƙibla. Ya fito da waya ya nuna mini cewa daga Birnin Kebbi alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, saboda haka duk mazaunin bandaki ya juya shi ya kalli kudu ko arewa, kada mutum ya fuskance ta ko ya ba ta baya. A gidan hayar da muka baro shekara tara muna zama a karkace saboda wannan.

Zafi kuwa, duk wanda ya yi watan Afrilu a garin nan ya san ma'auni yana wuce 40, wutar lantarki kuma sai an gan ta. A nan ne na ga amfanin karatunsa. Ya ce filina ya yi sa'a, tsawonsa ya bi gabas da yamma, don haka dogayen bangaye za su kalli arewa da kudu, inda rana ba ta dukansu kai tsaye da safe da yamma. Bangon yamma, wanda rana ke gasawa daga azahar zuwa magariba, ya jingina masa abubuwan da ba a kwana a cikinsu kullum: falon baƙi, bandaki, wurin ajiye mota. Kowane ɗakin kwana yana da taga a arewa da wata a kudu wajen baranda, iska ta shiga ta fita. Ya hana ni tagar da ake turawa gefe, ya ce rabinta kawai ke buɗewa, muka sa mai buɗewa waje gaba ɗaya. Silin ya ɗaga shi zuwa mita 3.3, ya bar ƙananan kafofi da raga a ƙarƙashin kwano don zafin da ke taruwa a sama ya samu mafita. Mun fi jayayya a kan rufi. Ni ina son irin wanda ake yayi, a ɗaga bango ya ɓoye kwano. Ya ce in na dage zai zana, amma in sani magudanar kankaren da ke bayan bangon nan ita ce ke fara tsagewa, ruwa ya riƙa bin bango, kuma bangon ba shi da inuwa. Ya ba ni kwano mai fitowa waje santimita 90, ya kuma rubuta a zanen cewa a ɗaure katakon rufi da rodi a jikin kankaren da ya zagaye saman ginin, saboda iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas. Gidana bai kai na maƙwabta kwalliya daga titi ba, wannan na yarda. Amma mun tare a ƙarshen Fabrairun 2025, dab da azumi, kuma a bazarar nan Inna tana barcin rana a ɗakinta ko babu fanka. Da hunturu kuma, lokacin da rana ke karkata kudu, hantsi yana shigowa barandar har bakin ƙofarta, nan take shimfiɗa tabarma ta sha ɗumi. Ya faɗa mini haka zai faru tun gidan yana layin toka, ban yarda ba sai da na gani.

Sokawe ya kai shi gaba kusa da get don motar kwasa ta iso shi ba sai an ja tiyo ta tsakar gida ba, wurin rijiyar burtsatse kuma can ƙarshen gabas, iyakar nisan da filin zai iya bayarwa. Ya raba aikin kashi biyu yadda za mu iya tarewa kafin a gama komai.

To, yabon ya isa haka.

Sun ce mini mako uku. Mako tara aka yi. Gyaran da Inna ta jawo ya ci kwana goma, wannan ban ɗora musu ba. Sauran kuwa babu dalili sai cewa wani babban aiki ya shigo musu, nawa ya koma ƙarƙashin tebur. In na kira a ce yana wurin aiki, in na je a ce yanzu ya fita, in na tura saƙo in ga alamar an karanta shiru. Sau huɗu ina hawa benen nan bayan an tashi makaranta. Abin da ya sa har yau abin ke ci mini rai shi ne lissafin kayan gini da suka yi alkawarin haɗawa da zanen. Shi nake jira in san siminti nawa zan saya. Bai fito ba sai tsakiyar Janairun 2024, kafin in gama kai takardu KUDA, hukumar raya birane ta jiha, a ba ni izinin gini, Fabrairu ta shigo, buhun siminti ya haura naira 10,000. Ba su suka ƙara kuɗin siminti ba, na sani, kuma da ina da wayo da na sayi ko buhu ɗari na ajiye. Amma da sun cika alkawari da na yi fandisho da tsohon farashi. Bijimin da nake kiwo don tayil, a siminti ya tafi.

Na biyu, kuɗin da aka faɗa mini ba shi ne kuɗin ba. Na roƙa a yi wa ɓangaren gaba fandishon da zai ɗauki bene nan gaba, suka ce to. Sai da aka gama aka ce wannan sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya yi lissafin rodi ya buga nasa hatimin, naira 60,000. Aikin ya cancanci kuɗin, ba na musu, amma me ya hana a faɗa mini ranar farko? Buga kwafi huɗu na manyan takardu, kuɗi daban. Zuwa duba aiki, wanda na ɗauka yana ciki, ashe kowane zuwa naira 10,000 ne na mai. Ba rasit, ba yarjejeniya a rubuce, komai da baki. Ni ma da laifina, malamin makaranta guda ban ce a rubuta ba.

Na uku shi ne wanda da ya zama babbar asara. Injiniya ya zo filin ne a watan Nuwamba, ƙasa a bushe ƙayau, ya rubuta a ɗaga daɓen gida santimita 45 daga ƙasa. Birkilan da na ɗauka, wani dattijo ɗan Argungu da ya fi shekara talatin yana gini, ranar da ya zo bai fara duba takarda ba. Katangar maƙwabcina ya je ya tsaya yana kallo, ya nuna mini wani layi mai duhu a jikinta ya ce, "Malam, nan ruwa ke tsayawa a layin ga. Kuma ranar da gwamnati ta zo yin titi sai ta ƙara ciko. In ka bi takardar ga, gidanka zai koma rijiya." Na kira Injiniya, ya ɗan ja, ya ce lissafinsa daidai ne. Da ya zo ya ga layin da idonsa sai ya ce Baba ya fi shi gaskiya. Aka ƙara layi biyu na bulo mai inci 9, wato wani santimita 45 ɗin, da tifa goma sha huɗu ta jar ƙasa da ba ta cikin lissafi. Sai da aka yi wa ƙofar shiga gangare saboda Inna. A watan Agusta ruwa ya kwanta a layinmu kwana biyu, ya tsaya a matakalar farko. Mutumin da ya san inda rana za ta faɗa a watan Disamba bai tambayi maƙwabci ko ɗaya inda ruwa ke bi ba. A jihar da ta ga ambaliyar 2020, wannan ce tambayar da ya kamata ta zo kafin ta gas da gawayi.

Akwai ƙananan abubuwa. Tagogin arewa da ke ba mu iska da bazara su ne ke kwaso ƙurar hunturu, sai uwargida ta share ɗaki sau biyu a yini. Bai gargaɗe mu ba. Hoton kwamfuta mai launi da suka ba ni, da koriyar ciyawa da wata farar mota a gaba, bai amfane ni da komai ba sai sa yara rigimar ina motar. Zanen wayoyin wuta kuma bai bar hanyar sola ba, sai da aka fasa bango daga baya.

Sai sito. Na gaya masa da bakina ni manomi ne, ina ajiye buhu arba'in zuwa hamsin na shanshera in jira farashi. Ya rubuta. Abin da ya zana mita 1.5 ne a 2, siton gidan ma'aikacin banki, na katan ɗin taliya da jarkar mai, ƙofarsa ma sai an karkata buhu yake shiga. Ranar toka ina can ina auna falo da taku ina tunanin inda kujeru za su zauna, ban ko leƙa wurin ba, uwargida kuma ta ɗauka na kayan miya ne, nawa yana wani wuri. Yanzu haka buhu talatin da ɗaya suna jibge a falon baƙin nan da aka yi wa ƙofa ta musamman da famfon alwala. Baƙona na ƙarshe, wani abokin karatuna daga Yawuri, tsakanin buhuna ya kwana, da safe ya ce mini bai taɓa kwana a otal mai ƙanshin fadama ba.

Maƙwabcina na baya ya zo kwanaki yana son in ba shi kwafin zanen. Na ce masa filinsa arewa yake kallo, in ya ɗora nawa a kai ɗakunan kwanansa ne za su sha ranar yamma. Na kwatanta masa ofishin, na ce ya je, amma ya sa a rubuta ranar karɓa da duk abin da kuɗin ya ƙunsa, ya riƙe rabi sai aiki ya fito, ya nemi a fitar masa da gidan a ƙasa da toka ko da zai biya, ya tafi da matarsa, kuma ya kai su filin ya nuna musu katangar da Baba birkila ya nuna mini.

Ni ma zan koma wurinsu bayan girbin bana, saura kashi na biyu, kuma akwai wuri a kusurwar kudu maso gabas da zai ɗauki sito na gaske. Na riga na gaya wa Injiniya a waya cewa wannan karon da buhun shanshera guda zan hau benen, in dire masa shi a gaban kwamfuta ya auna.